Gari Ya Iso Gona: Asalin Jayayyar Filaye a Bakin Kano

Babu ƙauyen da ke bakin birnin Kano da bai san ranar da ake cewa awo ya zo ba. Ma'aikata su sauka daga mota da na'urarsu mai ƙafa uku, su ratsa ta cikin kututturan dawa, su kakkafa turakun siminti, kafin la'asar labari ya shiga kowane zaure cewa gwamnati za ta yanka filaye ko ta gina rukunin gidaje. Abin da ke biyo baya ma sananne ne. Dattawa su tafi wurin dagaci, dagaci ya kai kuka gaban hakimi, a shigar da ƙara kotu, a je gidan rediyo, wani dare kuma a wayi gari an tumɓuke turakun. Mutanen birni suna da fassara biyu da suke yi wa wannan turjiya: ko dai ƙauyawa ba sa son ci gaba, ko kuwa diyya suke so a ƙara musu. Duka biyun ba su isa bayani ba, domin mutanen da ke tumɓuke turakun gwamnati su ne dai suke sayar da gonakinsu ga duk wanda ya zo da kuɗi, a gina gidaje a kai ba tare da ko cacar baki ba. Rigimar ta girmi duk masu yin ta. Tushenta shi ne, fiye da shekara ɗari ke nan doka tana kallon gonar bakin Kano a matsayin fili kawai, alhali kuwa aikin hannu ce da aka gada kaka da kakanni.

Sai an san yadda aka yi wannan gona kafin a gane zafin rabuwa da ita. Badalar Kano, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu aka kuma faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Turawa matafiya Clapperton da ya zo a 1824 da Barth da ya zo a 1851 duk sun lura cewa babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. A wajenta kuwa akwai ƙasar da ta fi kusan ko'ina a wannan yanki na Afirka cikar jama'a, inda aka daina barin gona ta huta tun da daɗewa saboda babu sauran dajin da za a sara. Ƙasar da ake nomawa kowace damina ba hutu mutuwa take yi, in ba a ciyar da ita ba, kuma abin da manoman kewayen Kano suka ƙware a kai ke nan. Da rani jakai kan shigo birni da itace da kara da hatsi, su fita da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. A gona a zazzage su tsibi-tsibi a jere, su zauna har ruwan fari, sannan a baza. Awaki da tumaki a ɗaure suke a gida duk damina, ana yanko musu ciyawa, takinsu yana taruwa a turke don baɗi. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da ke tsakiyar gonaki ba tsirowa suka yi aka ƙyale su kawai ba, kowace tana da mai ita, kuma an san abin da take bayarwa a shekara. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna cewa wannan zirga-zirgar taki tsakanin birni da karkara ita ce ta riƙe albarkar ƙasar duk da yawan bakin da take ciyarwa. Gonar da ta sha taki shekara hamsin da wadda aka yi sakaci da ita suna iya yin iyaka da juna, amma ba manomin da zai saye su kuɗi ɗaya.

Abin da aka zuba wa wahala haka kuwa dole a san mai shi. A kewayen Kano ana gadon gona, a raba ta bisa ƙa'idar Malikiyya, ana jinginar da ita, ana ba da aronta, ana kuma sayar da ita. Polly Hill, wadda ta zauna ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970 ta kuma fitar da littafinta a 1977, ta kawo hujjojin cewa cinikin gona ya riga zuwan Turawa a wannan yanki. Malaman jihadi ma ba su bar batun a buɗe ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi musamman a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta kowa ba, inda raya ta da aiki yake kan gaba, kuma fiƙihun da ake karantawa a zaure ya san hurumin gari, wato filin da ke kewaye da shi na kiwo da itace, wanda ba a yarda wani ya killace shi don kansa ba. Wani zai ce ai sarakuna ma sun ƙwace gonaki, sun kuma kafa gandaye irin na Nasarawa da Fanisau da Ɗorayi da Gandun Albasa. Haka ne, kuma ba wanda zai ce talakan ƙarni na 19 yana cikin aminci daga hakimi mai haɗama. Sai dai ƙwace a wancan lokaci sunansa ƙwace, zalunci ne da mutane suke kira da sunansa, malamai kuma suna da nassin da za su soke shi da shi. Abin da ya zo daga baya wani abu ne daban: hanyar karɓe gona wadda ta dace da doka ɗari bisa ɗari.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903. A 1908 gwamnan Arewa na lokacin, Percy Girouard, ya sa aka kafa kwamiti a Landan don duba sha'anin ƙasa, kuma daga shawarwarinsa aka yi dokar 1910 wadda ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon gwamna, yana riƙe da ita ne don amfanin 'yan ƙasa, mutum kuma ba shi da komai sai haƙƙin zama da amfani. Ya kamata a yi wa masu wannan doka adalci. Wasunsu, irin su Josiah Wedgwood da ke cikin kwamitin, mabiya ra'ayin Ba'amurken nan Henry George ne, wanda yake ganin tashin darajar fili ba ƙoƙarin mai filin ne ke kawo shi ba, haɓakar gari ce, don haka al'umma ce ta cancanci ribar. Sun ga yadda 'yan kasuwa da kamfanoni suka wawashe ƙasa a wasu wurare, suna so su toshe wannan ƙofa, kuma lalle dokar ta hana Turawa mallakar manyan gonaki a Arewa irin yadda suka yi a Kenya. Amma sun gina ta ne a kan zaton cewa Bahaushe bai san mallakar gona ta ƙashin kai ba, zaton da ya fi rashin tushe a daidai wurin da dokar za ta fi aiki, wato bakin Kano. Abin dariyar ma shi ne, a shekarun nan dai malaman awo na En'e suna bin gonakin gundumomin kewayen birni ɗaya bayan ɗaya, suna aunawa, suna rubuta sunan mai kowace don a ɗora masa haraji. In batun karɓar kuɗi ne, hukuma ta san mai gona sarai.

Shekaru da dama wannan saɓani yana kwance, domin birnin bai cika cin ƙasa ba. An ɗebi Nasarawa da Bompai don Turawa da ofisoshinsu, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari jim kaɗan bayan haka, aka keɓe filin kantuna da na dalar gyaɗa. Ƙidayar 1952 ta sami mutum kusan 130,000 a Kano, ta 1963 kuma kusan 300,000. Gwamnatin Jihar Arewa ta sake dokar ƙasa a 1962 amma ta bar ginshiƙinta yadda Turawa suka kafa shi, ikon gwamna kawai ya koma hannun minista. A lokacin ne kuma aka zana shirin Trevallion na raya Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya shata wa birnin hanyoyin da zai bi ya fita. Da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, kuɗin mai kuma ya shigo a shekarun 1970, sai abin ya zama guguwa: masana'antu a Sharaɗa da Challawa, sabon matsugunin Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo, gidajen Kundila, gidajen Shagari, da filayen da aka yi ta yankawa a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hotoro da Na'ibawa. Yaron da aka haifa a Sheka ko Rijiyar Zaki yau ba lalle ya san cewa kakansa ɗan ƙauye ake kiransa ba.

Dokar Amfani da Ƙasa da gwamnatin Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris 1978 ta ɗauki tsarin Arewa ne ta shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya, kuma a cikin sassanta ne ƙashin rigimar yake. Gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni, kuma da zarar ya ja layin ya haɗa da ƙauye, ikon filayensa ya bar ƙaramar hukuma ya koma hannunsa. Sashe na 28 ya ba shi damar soke haƙƙin kowa saboda maslahar jama'a, tsara sabon matsuguni kuwa yana cikin abin da dokar ta kira maslahar jama'a. Sashe na 29 ya ce a biya diyya, amma diyyar abin da ke kan ƙasa ce: gini, rijiya, shinge, itatuwa, da amfanin da ke tsaye. Ita ƙasar ba a biyan kuɗinta, tunda a idon doka dama ba ta manomi ba ce. Har ma a wurin da dokar take fassara irin gyaran da ake biya, ta fitar da sakamakon noma na yau da kullum daga ciki ƙarara. Wato takin nan da jakai suka yi ta jigila tun zamanin kakanni, wanda shi ne ya mai da rairayi gona, ba shi da ko kwabo a lissafi. Mai kimantawa zai zo da takardarsa ya ƙirga mangwaro uku da ɗorawa ɗaya, ya duba jadawalin farashin da ma'aikata ta tsara, ya rubuta. In awon ya faɗo da rani, lokacin da ba komai a gona sai kara, abin da za a rubuta ya ƙara ƙanƙancewa. Wanda bai gamsu ba kuma, sashe na 30 ya tura shi gaban kwamitin rabon filaye, kwamitin da gwamnan da ya karɓi gonar ne ya naɗa. Bayan shekara ɗaya ko biyu manomin zai ji kuɗin da aka sayar da fuloti guda daga cikin da yawan da aka fitar a gonarsa, ya kwatanta da abin da aka danƙa masa. Ba sai ya yi karatun boko ba kafin ya gane inda bambancin ya tafi.

Daga nan ne awon igiya ya samo ƙarfinsa, kuma a nan ne masu zargin ƙauyawa da kwaɗayi suke ganin sun kama hujja. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa gari ya kusa, magada sukan taru su yanke shawarar sayarwa tun kafin gwamnati ta farga. Dillali ya zo da igiya da 'yan turaku, a ja a yanka, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, a ba shaidu na goro. Mai saye ya yi maza ya zuba harsashi ya ɗora bulo ko da layi uku ne, domin ya san gini ne kaɗai abin da doka take gani. Manomin da ya yi haka ba ya ƙin gidaje, ba ya kuma ƙin baƙi, tsere yake yi da turakun siminti, kuma duk mai hankalin da aka ba shi zaɓi tsakanin kuɗin kasuwa da kuɗin mangwaro uku abin da zai yi ke nan. Wannan ba ya wanke awon igiya daga illarsa, kuma illar babba ce. Mai sayarwa ba ya son ya yi asarar ko taku ɗaya, don haka ake barin lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, ba filin makaranta, ba na asibiti, ba magudanar ruwa. Kududdufan da suke shanye ruwan sama a cike su da shara a gina, damina ta zo ruwa ya nemi tsohuwar hanyarsa ta cikin ɗakunan mutane. Ma'aikatan tsara birni suna da gaskiya in suka ce da an bar su sun tsara da ba a shiga wannan hali ba. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, tsarin diyyar da suke aiki da shi ne yake kora mutane zuwa wurin mai igiya.

Hujja mafi nauyi a ɓangaren hukuma ita ce ta buƙata. Ƙidayar 2006 ta sami mutum kusan miliyan 3 a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye, Ungogo kaɗai tana da fiye da 360,000, kuma ba wanda ke shakkar cewa adadin ya ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Waɗannan mutane dole su kwana a wani wuri, kuma in gwamnati za ta sayi kowace gona da farashin kasuwa, in ji masu wannan ra'ayi, ba za ta iya samar wa talaka muhalli ba. Maganar tana da ƙarfi da a ce talaka ne yake samun filayen. Amma kowa a Kano ya san yadda takardar fulotin gwamnati take yawo: a ba wanda yake da hanya, shi kuma ya sayar kafin tawada ta bushe, ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta isa ga wanda zai yi gini, kuma a lokacin ta kai farashin kasuwar da aka ce ana gudu. Rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 suna da tituna da tsari da ba a saba gani ba, amma gidaje da yawa a cikinsu sun daɗe a rufe saboda kuɗinsu ya fi ƙarfin mai matsakaicin albashi, balle wanda aka tasa daga gona. Ribar da Girouard da abokansa suka so ta koma wa al'umma ta koma aljihun irin mutanen da suka yi dokar don a hana. Gwamnatocin Kano ma sun amsa wannan a aikace, tunda a lokuta da dama sun riƙa ba masu gonaki wani kaso na filayen da aka yanka maimakon tsabar kuɗi. Inda aka yi hakan da gaskiya ƙura kan lafa da wuri, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ake faɗan a kai. Matsalar wannan kaso ita ce alfarma ce ba haƙƙi ba, gwamnati ta gaba tana iya canzawa, kuma manomin da ke da buƙatar aurar da 'ya ko biyan bashi yakan sayar da takardarsa da araha tun kafin a share titi.

Akwai kuma waɗanda ko wannan kason ba ya isa gare su, su ne kuma suke sa turjiyar ta zama ta gari duka maimakon ta masu gonaki kaɗai. Wanda yake noma gonar aro ba sunansa a takarda. Haka ɗan ƙwadagon da daminarsa ta dogara da noman wasu, haka matar da take tsintar kalwa ta yi daddawa, haka wadda gadonta yake hannun 'yan'uwanta maza ba a raba ba. Bafillacen da burtalinsa ya bi ta gefen garin zai zo wata kaka ya tarar da katanga. Hurumi da filin idi da wurin da za a faɗaɗa maƙabarta ba su da mutum guda da zai tsaya a layin karɓar diyya, don haka a taswirar mai awo su ne suka fi kama da filin da ba na kowa ba, su ake fara haɗiyewa. Idan dattijo ya tsaya gaban hakimi ya ce, ranka ya daɗe, a ina za mu binne 'yan'uwanmu, ba salon neman ƙarin kuɗi ba ne. Tambaya ce da sashe na 29 ba shi da gurbin amsa ta.

Irin wannan jayayya ba ta cika mutuwa ba, kwanciya take yi. A Bakolori, cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, manoman da aikin madatsar ruwa ya cinye gonakinsu sun tare hanyoyi suna neman diyya, aka tura 'yan sanda a Afrilun 1980, aka kashe mutane da yawa. A bakin Kano abin ya fi zuwa a hankali. Hukuma takan karɓi fili mai faɗi fiye da abin da za ta iya ginawa, ta bar shi shekara talatin ko arba'in, mutanen da ba su gamsu da diyya ba ko suke cewa ba a biya su ba su ci gaba da noma, 'ya'yansu su yi gini, wasu su sayar wa baƙin da ba su san komai ba. Ranar da aka tuna da filin, sai a zo da motar rusau a tarar da gari. Haka aka yi a Rimin Zakara ta ƙaramar hukumar Ungogo a farkon 2025, a kan filin da mazauna suka daɗe suna jayayya da Jami'ar Bayero, har aka yi asarar rayuka. Kowane ɓangare yana da takardarsa, kuma kowace takarda gaskiya ce a tsarin da ya haife ta.

Gyaran dokar kuwa ba abu ne mai sauƙi ba, domin sojoji sun cusa ta cikin tsarin mulkin 1979 kafin su sauka, ta kuma zarce cikin na 1999 a sashe na 315, ta yadda taɓa ta sai an bi duk matakan gyaran tsarin mulki, har da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. Gwamnonin da za a rage wa iko su ne masu faɗa a ji a waɗannan majalisu. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, 'Yar'aduwa ya rasu a shekara mai bi, dokar kuma tana nan yadda take. A halin yanzu bakin garin ya matsa zuwa gonakin Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa da Dawakin Tofa, kuma magada a can sun riga sun fara kiran masu igiya.